Wa Ya Ƙone Satiru? Tambayar da Masu Kirarin Juyin Juya Hali Ke Gudu

Tun watan Oktoban 2024, da hukumomin Yamai suka sauke sunan Charles de Gaulle daga babban titin nan suka ɗora na Djibo Bakary, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Nijar, suka kuma kawar da hoton Monteil, hafsan Faransa mai binciken ƙasa, suka sa na Thomas Sankara, wata magana ta kama bakin masu sharhi a rediyo da Facebook da TikTok, daga Maraɗi har Kano, kuma har yau ba ta sake su ba. Wai yaƙin da kakanni suka fara ne ake ƙarasawa. Sai a jero maka sunaye kamar ana jan carbi: Sarauniya Mangu, Sarkin Musulmi Attahiru, Kawusan, daga nan a diro kai tsaye kan hafsoshin da ke mulki yau.

Ba ni da ja a kan canza sunan titi. Babu dalilin da zai sa jikan wanda aka yi wa aikin tilas ya riƙa bin titi mai sunan shugaban ƙasar da ta yi wa kakansa haka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne labarin da ake liƙa wa al'amarin: wai turjiyar da aka yi wa mulkin mallaka dalilinta ɗaya ne, ƙin Bature, mai yin ta kuma ɗaya ne, jarumi mai rawani ko mai kaki. Wannan labari gurgu ne, kuma da gangan aka gurgunta shi. Akwai sunan da da wuya ka ji a cikin jerin, alhali a nan ne rundunar Ingila ta sha kayen da ba ta taɓa shan irinsa ba a Arewa. Sunan shi ne Satiru.

Satiru ƙauye ne kimanin mil 14 daga Sakkwato ta wajen kudu. Malamai talakawa da suka nisanci fada ne suka kafa shi wajen ƙarshen ƙarni na 19, kuma kafin 1906 ya zama mafakar bayin da suka gudo daga rinjoji da gandayen manya. Sai an fahimci halin da bawa ke ciki a shekarun nan sannan za a gane abin da ya biyo baya. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta rufe kasuwar bayi, ta hana harin kamu, ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne. Amma bawan da ke gandu yana nan a gandu. In ya gudu ba a ba shi gona a wani gari, ana ɗaukarsa ɗan zaman banza, sau da yawa a mayar da shi. Hanyar da aka bar masa ita ce ya yi murgu, ya tara kuɗin fansa, ya biya a gaban alƙali. Sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya. Wato bawa ya ji ana shelar 'yanci, ya waiga ya ga ubangijinsa na nan daram, yanzu ma da sojan Bature a bayansa.

Ɗa ma bai tsira ba. Daga 1904 gwamnatin Turawa ta fara yankar kasonta daga harajin da sarakuna ke tarawa, aka shiga ƙirga gidaje da gonaki da shanu, aka fara fitar da hakimai daga birni ana zaunar da su a gundumomi don karɓa ta yi tsauri. Fatake kuwa an sa musu kuɗin ayari, kashi 5 cikin ɗari na darajar kaya a kowane lardi da suka ratsa, har ya kai kashi 15. Manomi na iya shekara bai sa Razdan a ido ba. Dagaci yake gani, da dogari, da yaran hakimi. Hannun da ke shiga rumbunsa hannun gida ne.

A 1904 mai garin Satiru, Malam Maikaho, ya yi da'awar shi ne Mahadi. Fadar Sakkwato ta kama shi, ya rasu a tsare kafin a yanke masa hukunci, ɗansa Isa ya gaje shi. Wutar ta lafa, ba ta mutu ba. Wanda ya zo ya hura ta daga ƙasar da Faransa ta mallaka ya fito, kuma a nan ne ya kamata mutanen Yamai su kasa kunne.

Ƙasar Zabarmawa ta fito daga yunwar 1901 zuwa 1903 ba ta gama farfaɗowa ba, ga Faransawa na ɗibar gero da dabbobi da jiragen ruwa da 'yan dako don ciyar da hanyarsu daga bakin kogi zuwa Damagaram da Tafkin Cadi. Sun ɗaukaka Zarmakwai Auta na Doso a kan sauran sarakunan yankin, suka damƙa masa karɓar haraji. A Disambar 1905 mutanen Kobkitanda, ƙarƙashin wani makahon malami, Alfa Shu'aibu, suka ƙi biya, suka kashe gardi biyu, wato dogaran kumandan. A farkon Janairun 1906 Faransawa suka afka wa garin, dawakan Auta na tare da su. Laftanarsu, Tailleur, ya mutu a karawar, amma an ci garin. A watan ne kuma Karma ta tashi ƙarƙashin Umaru, sai da aka tattaro soja daga wurare masu nisa kafin a murƙushe ta. Alfa Shu'aibu ya tsallaka iyaka ya sauka Satiru, inda aka san shi da Ɗan Makaho.

Ranar 13 ga Fabrairun 1906 Satirawa suka far wa maƙwabtansu na Tsomau da suka ƙi binsu, aka yi kisa. Ba zan wanke su daga wannan ba. Amma a lura da wanda suka fara ɗaga wa makami: ba Bature ba ne.

Washegari Muƙaddashin Razdan Preston-Hillary ya fito daga Sakkwato tare da mataimakinsa Scott, da Laftanar Blackwood, da likita, da sojan doki kimanin 70. Irin wannan runduna doki ne ke kai ta fagen fama, amma a ƙasa take yaƙi. Ana sauka ne a ja daga mai kusurwa huɗu, dawaki a tsakiya, bakin bindiga na kallon kowace fuska, bindiga mai ruwa, wato Maxim, a girke tana jira. In aka kammala wannan tsari mai baka da mai mashi ba sa isowa. Da shi aka karya dawakan Kano a Kwatarkwashi da na Sakkwato a Giginya a 1903. Sai dai tsarin na da sharaɗi ɗaya, a samu lokacin jan dagar. Hillary ya wuce gaba wai zai yi wa mutanen gari magana, don ya ɗauka ganin farar fata kaɗai ya isa. Blackwood ya ga zai shiga haɗari, ya matsar da sojansa don ya kare shi, layi ya warware. Kafin a sake haɗa shi Satirawa sun iso da fartanya da gatari da baka. Dawaki suka firgita suka hargitsa soja, bindiga mai ruwa ko aman farko ba ta yi ba. Aka kashe Hillary da Scott da Blackwood da soja 25, Satirawa suka tafi da bindigar. Shi ma Isa a ranar ya samu raunin da ya zama ajalinsa.

To daga wannan rana zuwa 10 ga Maris kwana 24 ne, kuma a cikinsu ne amsar take. Turawan da suka rage a Sakkwato 'yan ƙalilan ne. Yawancin sojan Lugga na can kudu, an shirya su don yaƙin ƙasar Tibi. Da fadar Sakkwato ta ɗaga yatsa, ko ma ta naɗe hannu kawai, da labarin Arewa ya sauya, aƙalla na wani lokaci. Me ta yi? Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu, wanda Turawa suka naɗa a Maris ɗin 1903, ya tsaya musu tsayin daka. Marafa Muhammadu Maiturare ya ja dubban mayaƙa zuwa Satiru tun kafin agajin Turawa ya iso, sai dai bai ci nasara ba, don da yawa daga mabiyansa jikinsu ya yi sanyi da yaƙar mutanen da ke kabbara. Sarakunan sauran ƙasashe suka yi ta aiko da saƙon biyayya. Satirawa kuma, maimakon su nufi birni tun da zafi, sai suka ɓata kwanakin suna ƙona garuruwan kewaye irin su Dancaɗi da Dange, wuraren gandayen manya. Ta fuskar dabarar yaƙi wannan kuskure ne babba. Ta fuskar gane abin da ke ransu kuwa, ya faɗi komai: sun je inda aka bautar da su ne.

Ranar 10 ga Maris Manjo Goodwin ya iso da soja sama da 500, da bindigogi masu ruwa, da igwa. Wannan karon an ja daga yadda ya kamata. Satirawa suka yi ta rugowa suna faɗuwa. Waɗanda suka tsere, dawakan Sakkwato ne suka bi su cikin daji. An ƙiyasta mutum 2,000 suka mutu. Mata da yara kimanin 3,000 aka kora zuwa Sakkwato, aka rarraba da yawansu ga gidajen manya, a ƙarƙashin gwamnatin da ke alfaharin ta zo kashe bauta. Aka yi wa Ɗan Makaho shari'a a kotun fada, aka kashe shi a kasuwa. Aka baje garin, Sarkin Musulmi ya tsine wa duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Ingila ta saka masa da lambar girma. Sarkin Gwandu Muhammadu Bashar, da aka zarga da karkata ga 'yan tawaye, aka tuɓe shi. Ɓarnar ta kai har Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ma'aikatar ƙasashen mallaka a Landan, sai da ya nuna rashin jin daɗinsa a rubuce kan karkashe mutanen da kusan ba su da makami.

Yanzu ka ga dalilin da ya sa Satiru ba ta shiga jeri. Ba a iya ba da labarinta ba tare da an ambaci dawakan gida ba. Da ɗan gari kan ci gari.

Masu kare fada za su ce an zaɓi ƙaramar ɓarna ne don a tsirar da addini da jama'a, kamar yadda Waziri Buhari ya kafa hujja bayan faɗuwar Sakkwato. To mata da yaran nan 3,000 ba jama'a ba ne? Masu cewa haukar Mahadiyanci ce kawai kuma, rahoton Lugga suke maimaitawa ba su sani ba. Jiran bayyanar Mahadi a shekarun nan ruwan dare ne daga Sakkwato har Adamawa, a fada da zaure da kasuwa. Tambayar ita ce me ya sa a ƙauyen gudaddun bayi ne aka ɗauki gatari. Ba na rage wa addini komai a nan. Shi ya ba su harshen da suka faɗi zaluncin da shi, shi ya ba su zuciyar tunkarar harsashi. Amma ko Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ya tashi lissafa laifukan sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, jangali ya ambata, da kuɗin gari, da kuɗin salla, da gaisuwa, da ƙwace kayan talaka a kasuwa. Jihadin 1804 ya samu mabiya ne domin makiyayi da manomi sun ji ana faɗin ciwonsu da sunansa.

Ban ce babu mai rawanin da ya tsaya ba. Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yulin 1903 tare da ɗaruruwan mutane, ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda zuriyarsu ke zaune yau. Sarkin Haɗeja Muhammadu ya mutu da makami a hannu a Afrilun 1906. A shekarar ce Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Bassa bisa zargin shirya tawaye suka kai shi Kwaddibuwa. Allah ya jiƙan su. Sai dai ko a hijirar Attahiru, abin da ya tayar wa Turawa hankali shi ne ganin talakawa da bayi na barin gonaki ana gab da damina suna bin sa dubu-dubu. Su ma da abin da suke gudu.

Kawusan, jagoran Buzaye da ake yawan ambato, shi ma a duba abin da ya tara masa mayaƙa. Fari ya cinye dabbobin Azbin daga 1911 zuwa 1914, ga yunwar Kakalaba. A kan haka Faransawa suka ci gaba da ƙwace raƙuma don jigilar soja, alhali raƙumi shi ne jarin Buzu, da shi yake ayarin gishirin Bilma ya sayo geron Damargu da Kano. Wanda aka karɓe wa raƙumi an karɓe masa abinci. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya janye ƙarfin Faransa, Kawusan ya zo da makaman 'yan ɗariƙar Sanusiyya ta Libiya, Sarkin Agadas Tagama ya buɗe masa ƙofa, aka tsare barikin Faransawa daga Disambar 1916 zuwa farkon Maris na 1917. A nan fada ta bi talakawa, shi ya sa aka yi kusan wata uku maimakon kwana 24. Sai da aka kawo runduna daga Damagaram, Ingila ma ta taimaka da soja daga Nijeriya, sannan aka karya su, aka bi malaman Agadas da kisan gilla.

Ko'ina ka duba haka zancen yake. Yaƙin Bolta da Bani na 1915 zuwa 1916, a ƙasashen da yau ake kira Burkina Faso da Mali, ɗibar samari aikin soja da ƙarfi ne ya tayar da shi. Bai Bureh na Saliyo a 1898 harajin ɗaki ne. Bambata na ƙasar Zulu a 1906 harajin kai ne na fam ɗaya. Matan Aba a 1929 ƙidayar da suka hango haraji a bayanta ce, kuma kotunan gargajiya da sarakunan da Bature ya naɗa suka fara rutsawa. Bature na zaune a duk waɗannan wurare shekaru kafin a tashi, ana ƙinsa kuwa tun ranar farko. Ƙiyayya ba ta isa ta fitar da magidanci daga gonarsa ya tunkari bindiga ba. Sai an ƙara masa kaya a shekarar da rumbu ya bushe, sai ya ga wanda ya kamata ya kare shi ne ke karɓa, sai kuma ya hango cewa mai ƙarfin ya yi rauni. Ranar da ukun nan suka haɗu tura ta kai bango.

Shi kansa Djibo Bakary da aka sa sunansa a titi, wa ya kayar da shi? A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumbar 1958, kan ko Nijar za ta ci gaba da zama cikin ƙawancen Faransa, ya ce a'a ga de Gaulle. Faransa ta turo Gwamna Colombani, shi kuma ya bi sarakunan gargajiya ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda da suke tare da Sawaba, jam'iyyar Djibo, suka juya mata baya. Aka sanar da kusan kashi 78 cikin ɗari sun ce i. A 1959 gwamnatin 'yan ƙasa ce ta haramta jam'iyyar. Ƙarfin Sawaba kuwa direbobi ne, da leburori, da 'yan ƙwadago, da ƙananan 'yan kasuwa. A wannan gefen iyaka, 'yan NEPU da suka fito a Agustan 1950 ba Di'o ne ke ɗaure su da hannunsa ba. 'Yan dokar En'e ke kamawa, alƙalin En'e ke yankewa.

Saboda haka duk mai son ya ce mini ana juyin juya hali, kada ya nuna mini allon titi, kada ma ya nuna mini jirgin da ya kwashe sojan Faransa na ƙarshe a Disambar 2023, duk da na yi murna da tafiyarsu. Ya faɗa mini nawa tiyar gero take a Tawa, wa ke karɓar kuɗi a shingayen hanya, kuɗin yuraniyom da man fetur ina suke shiga, kuma in talaka ya yi ƙorafi ina yake kwana. An sa sunan shugaban jam'iyyar da aka haramta a 1959 a titi, bayan wata biyar aka rusa dukkan jam'iyyu a Maris ɗin 2025. Moussa Tchangari, ɗan fafutukar kare haƙƙin jama'a a Nijar, wanda ya shekara da shekaru yana sukar sansanonin sojan waje tun kafin abin ya zama ado, an kama shi a Disambar 2024. Mai kirarin da bai ga matsala a nan ba, da a 1906 yake, a cikin dawakan Marafa za a same shi.

Mahukuntan Nijeriya ma kada su yi dariya, don cutar ɗaya ce ta juya fuska. Da matasa suka fito a Agustan 2024, bayan litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 600 cikin 'yan watanni da cire tallafi, abin da hukuma ta zaɓi gani shi ne tutar Rasha. Aka kama teloli a Kano. A Nuwamba aka gurfanar da ƙananan yara a kotun tarayya a Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da duniya ta yi caa aka sake su. Lugga ya ce Mahadiyanci, su sun ce hannun waje. Duka biyun hanya ce ta kauce wa duba rumbu.

An dawo da darasin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya bayan sama da shekara goma da cire shi. To a sa Satiru a ciki, da sunayen duk waɗanda suka halarci ranar 10 ga Maris, na waje da na gida. Nijar ta sa Kobkitanda da Karma, ta kuma faɗi rawar da Doso ta taka. Takardun ba su ɓata ba: rahotannin Burdon, Razdan na Sakkwato a lokacin, da na hafsoshin da suka yi yaƙin suna ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ga Gidan Arewa, ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Abdou Moumouni su haɗa hannu su fassara su zuwa Hausa da Zabarmanci, gidajen rediyon da ke ba masu kirari awa guda su ba wannan ko da rabin awa ne a mako.